Hedikwatar da Ba Ta da Tuta

A takarda, Adjame ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 13 na gundumar Abijan. Tana da magajin gari, gwamna yana can unguwar Plateau, babban birnin Kodebuwa kuma tun 1983 aka ce ya koma Yamusukro. Sai dai tukwanen Abijan ba sa jiran umarnin ko ɗaya daga cikinsu. Kasuwar Guro ta Adjame suke saurare, wadda matan ƙabilar Guro na wajajen Zuenoula, Bouafle da Sinfra suka kafa, irin su Nanti Lou Rosalie. Gari guda ce mai gwamnatin kanta, kuma kowane muƙami da mai shi.

Ta farko ita ce uwar ƙungiya. Ba ta da tebur, kujerar roba gare ta, da wayoyi biyu a ƙullin zani. Kafin asuba ta san wace mota ce ta taso daga ƙauye da agade, wacce ta lalace a hanya, wacce kuma direbanta ke ƙaryar lalacewa. Ita ke raba wurin zama, ita ke yanke shari'ar matan da suka yi faɗa kan kwandon gauta. Wata ba ta taɓa shiga aji ba, amma idan ta lissafa kuɗin mota guda ta rogo da ka, yaron da ke gefenta da na'urar lissafi tabbatarwa kawai yake yi. Wannan yaron shi ne magatakarda: ya yi boko, yana da biro uku a aljihu, aikinsa rubuta abin da aka riga aka yanke.

Sai mai tikitin magajin gari. A Indiya har yau shugaban gunduma sunansa Kwalekta, wato mai tara haraji, muƙamin da Turawa suka ƙirƙiro a 1772. Na Adjame bai samu wannan girma ba. Da ya ɓullo, 'yan tiren bakin hanya sai su tuna suna da uzuri a wani layin.

Jakadan ƙasashen waje shi ne Alhaji mai albasa, mutumin Galmi ko Madawa. Yana kishingiɗe kan buhuna da carbi da butar shayi, Faransancinsa bai wuce na ƙirga kuɗi ba, Julancinsa kuwa ya isa rantsuwa. Kullum "bana kasuwa ba daɗi", kullum kuma ana ƙara ɗaki a gidansa na Tawa. Ɗan ɗakinsa ne ke sayar da garba a bakin tasha, wato acceke da soyayyen kifi, abincin da ya riƙe ɗaliban Abijan fiye da kuɗin tallafin karatu.

Masinjoji su ne 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a kwano, masu bin kowace mata da "tanti bagaj", sai masu tura wotro, amalanken da gundumar ta haramta a 2024. Da alama sanarwar ba ta riski dukkan amalanken ba.

Akwai kuma mai duba gari, madam daga unguwar Cocody. Ta ajiye mota nesa, ta cire sarƙa, ta sa tsohon silifa don kada a tsauwala mata, amma ta manta da turarenta. Sai ta yi rabin sa'a tana ciniki kan sefa 100, ta ɗanɗana attarugu da ido, ta ce a Treichville ya fi araha. Mai kayan ta san 'yar Treichville ɗin, don da sassafe a nan ta saro nata ta haye gada da shi. Ba ta musu, sai ta ce: "Tanti, ai gadar tana nan."

Baitulmali ne kaɗai ba shi da ma'aji. Duk wanda ya miƙa jaka goma don tumatirin sefa 300, za a dube shi kamar ya zo da sammaci. A tura yarinya neman canji, ta bi ta wajen mai kuɓewa, ta tsaya kallon rigimar yaran motocin gbaka da 'yan kamasho, ta dawo hannu rabbana. Daga nan sai a cike masa gibin da albasa uku, Alhaji kuma ya rubuta bashi.