Gobe Za a Buɗe Gada

Har yau ba a ba ɗan kasuwar Malanville ko ɗaya kyautar Nobel ba, kuma ni a ganina an ci amanarsu. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka wallafa wani gwaji. Sun juya wa mutane faifan caca da aka shirya ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar banza, wadda ba ruwanta da tambayar, ita ta ja su da hanci. A 2002 Kahneman ya karɓi Nobel ta tattalin arziki.

To, wane mai atamfa ne a kasuwar Malanville bai san wannan ba tun kafin ya tsiro gemu? Ka ce, "Alhaji, turmin nan nawa?" Ya ƙare maka kallo daga hula har takalmi, ya ce jika talatin. Ka dafe ƙirji, ka taya sha biyar. "Albarka." Ka juya kamar mai tafiya, ya bari sai ka yi taku uku sannan ya kira ka. A ƙarshe ya sallama a ashirin, yana rantsuwa ko uwar kuɗi bai mayar ba, don dai kai ne. Ka isa gida kana cika baki ka karya Alhaji da jika goma. Shi kuwa a sha biyu ma da ya sayar. Talatin ɗin nan turke ne ya kafa maka, ka yi ta kewaya shi kana cewa kiwo kake.

Amma inda wannan cuta ta yaudarar kai ta fi kamari shi ne maganar gada. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba mata takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suna lalacewa a rana. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a garƙame. Daga nan kowace fadar shayi ta samu masanin harkokin iyaka. Akwai mai cewa gobe za a buɗe. Hujjarsa? Wani saƙon murya a WhatsApp daga "wani babba a Yamai", kuma jiya ya ga soja yana murmushi. Gobe ta zo ba a buɗe ba, sai ya ce ai shirun nan shi ne alamar ana shiri a ɓoye. Abokin musunsa, mai cewa sai dai jikoki su gani, shi ma sojan nan ya gani, amma a wurinsa murmushin mugunta ne. Soja ɗaya, haƙora talatin da biyu, ya gamsar da ɓangare biyu. Duk labarin da ya dace da ra'ayin mutum gaskiya ne ko daga bakin yaro ya fito, wanda ya saɓa masa kuwa farfaganda ce. Kuma kowane irin hukunci hukuma ta yanke, su biyun za su riga kowa cewa, "Ai na faɗa!"

Da aka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, sai ga wani salon. Mutum ya taɓa jin labarin jirgin da ya kife, don haka tun daga wannan gaɓa har waccan bakinsa bai huta da addu'a ba. Yana taka tudu sai ya haye kabu-kabu, su uku da buhun shinkafa, ba hular kwano, yana ce wa yaron, "Ɗan samari, ƙara wuta, ina sauri." Kifewar jirgi ana ba da labarinta shekara guda. Faɗuwar babur ta yi yawa har ta daina zama labari, sai tsoronta ya fita.

Manoman albasa kuwa, in ta yi tsada bana, baɗi kowa albasa, har mai gonar da ko barkono ba ta so. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, a ce ƴan sari ne suka haɗa baki. Shekarar riba, "ai ni na san kan noma". Shekarar asara, an yi masa baki, ko kishiyar uwa ta shiga ta fita.

Na gwada karanta wa wasu dattawa waɗannan halaye a wata fada kusa da tasha. Suka yi ta dariya har ɗaya ya zubar da shayi a riga. Da ya samu numfashi sai ya kama hannuna ya ce, "Malam, wallahi kamar ka san surukina."