Masu Zuciyar Canza Madabod

A Soron Ɗinki, kamar sauran unguwannin cikin ganuwar Kano, akwai samarin da gem ɗinsu ya wuce na waya. Kwamfuta ce a kan tebur a ɗakin samari, yawanci 'yar kwatano da ta ba shekara goma baya. Ranar da ƙwallo ta fara sarƙewa a allo, ko motar GTA V ta riƙa tafiya da ɗingishi, majalisa kan yanke hukunci nan take: madabod da furosesa sun tsufa, a canza su. A ganina mafi yawan masu wannan aniya ba su san abin da suke shirin saya ba. Canza madabod kamar rushe gida ne a sake gini, a bar zaure kaɗai don unguwa ta shaida gidan yana nan. Intel kan sauya mazaunin furosesa kusan duk bayan zubi biyu: LGA1155 a 2011, LGA1150 a 2013, LGA1151 a 2015, LGA1200 a 2020, LGA1700 a 2021. Ram ma haka, DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, shi kuma ba ya shiga na DDR5. Da ka taɓa ɗaya, sai sauran su biyo ka da takardar kuɗi.

Na farko a layin shi ne Sarkin Ɗoki. Kuɗi na shigowa hannunsa ya tari ɗan sahu zuwa Titin Beirut, ya ce wa mai shago, "Oga, Core i7 nake so." Bai tambayi zubi na nawa ba, domin a wurinsa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku, lissafi ya ƙare. Bai san cewa i7 ɗin 2012 ba zai iya da i3 ɗin 2022 a yawancin wasanni ba. Ya dawo gida, furosesa ya ƙi zama a soket, ya koma ya sayi madabod. Madabod ya ƙi ram, ya koma. A zuwa na huɗu yaran shago sun fara kiransa "maigida", ana jawo masa kujera.

Sai Mai Kwamfutar Ofis, wanda ya fi kowa ban tausayi. Tasa Dell OptiPlex ce ko HP EliteDesk, irin waɗanda bankuna da makarantun Turai da Amurka suka gama aiki da su aka loda mana. Injuna ne masu ƙarko, amma ba a yi su don a yi musu dashe ba. Da yawansu wayar wutar madabod ɗinsu ta kamfanin ce kaɗai, haka wayar makunni, kuma fawa fak ɗin ƙananan ba ya kaiwa wat 300. Ya sayi sabon madabod, sai ya ga dole ya ƙara fawa fak, fawa fak kuma ya ƙi shiga akwati, sai sabon akwati. A ƙarshe abin da ya gada daga tsohuwar kwamfuta bai wuce kebul ɗin bango ba. Alhali abin da injinsa yake roƙo tun farko shi ne SSD a madadin tsohon hadis, ƙarin ram, da ɗan siririn katin girafik irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650, wanda wat 75 na ramin madabod ya ishe shi.

Malamin YouTube shi ne mai ba su fatawa duka, kuma shi kaɗai ne ba shi da kwamfuta. Ya haddace adadin hotunan da kowane furosesa ke fitarwa a daƙiƙa, kamar yadda aka auna a ɗaki mai na'urar sanyi da katin RTX 4090. Abin da yake mantawa shi ne allon abokinsa hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, ko da injin ya fitar da 200. Gwajin da zai raba gardama kyauta ne, yana cikin Windows: a buɗe Task Manager ana tsakiyar wasa, idan katin girafik ya cika maƙil furosesa kuwa yana hutawa, to kati ne ya gaza, kuma sabon madabod ba zai ƙara komai ba sai bashi. Malam ba ya son wannan gwaji, saboda yana kashe hira da wuri.

Akwai kuma Injiniyan Unguwa, mai sukundireba ɗaya da ƙarfin hali. Shi ne mai lafta man furosesa har ya gangaro gefe, shi ne mai danna furosesa da ƙarfi idan ya ƙi zama, har siraran alluran soket su lanƙwashe, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, ai madabod ɗin da ma jabu suka ba ka." Gyaran gangar auzinawa ke nan. Amma a yi masa adalci, ranar da ya buɗe akwati don kawai ya hure ƙura, ya fi kowa amfani a layin. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, bazara ta zo zafin Kano ya haura digiri 40, furosesa kuwa idan ya kusa digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Yawancin abin da majalisa ke kira tsufa, zazzaɓi ne kawai, maganinsa buroshi da sabon mai.

Mai Jiran Dala ba ya sayen komai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024, yake cewa wata mai zuwa. Yana cikin jira ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya a ƙarshen 2025, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe shi. Kishiyarsa shi ne Ɗan Alhaji, wanda ya shaida wa mahaifinsa cewa, "Baba, karatu ne ba ya yiwuwa da wannan." Ya sayi madabod mai fitilu kala-kala da akwatin gilashi, ya cusa tsohon fawa fak mara suna a ciki, ya jona a bango ba sitabilaiza. Shi wutar KEDCO ce take yi masa hisabi.

Za a ce na tsananta, domin akwai injin da ya tsufa da gaske. Haka ne, kuma hujjar tana da ƙarfi. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance yana neman TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko na AMD daga Ryzen 2000. Tun daga FIFA 23, mafi ƙarancin abin da kamfanin EA mai wasan ke nema shi ne i5-6600K ko Ryzen 5 1600 da ram gigabait 8. Mai zubi na uku da yake son ƙwallon bana, buroshi ba zai cece shi ba. Sai dai wannan bai rushe maganata ba, ƙarfafa ta ya yi: irin wannan mutum sabuwar kwamfuta yake bukata, to ya kira ta da sunanta, ya lissafa madabod da furosesa da ram da fawa fak a takarda ɗaya kafin ya fita daga gida, ya sayar da tsohuwar tana aiki, domin wani shagon buga takardu zai ba ta daraja fiye da yadda za a ba gawarta. Za a kuma ce ai saye da kaɗan-kaɗan shi ne daidai da aljihun talaka. Amma furosesan da ke kwance a durowa yana jiran madabod ba ya buga gem, kuma kafin a gwada shi kwanakin da mai shago ya bayar na mayarwa sun wuce.

Mutum ɗaya ne a layin nan canjin furosesa ya yi wa rana, wato wanda Allah ya sa injinsa na AMD ne mai soket AM4. Wannan mazauni ya fito a 2016, kuma kamfanin ya ci gaba da yi masa sababbin furosesa har bayan Ryzen 7 5800X3D na 2022. Mai madabod B450 zai iya cire Ryzen ɗinsa na farko ya sa Ryzen 5 5600, ya bar ram da akwati da komai a inda suke. Sharaɗin ɗaya ne, ya sabunta BIOS kafin ya cire tsohon furosesa, aikin 'yan mintuna wanda idan aka ɗauke wuta a tsakiyarsa madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Shi ya sa shi kaɗai za ka gani ɗauke da kwamfuta a ka, yana bin lungu yana tambayar wane gida ne ke da sola.