Jif ɗin Babarbare ta durƙusa a Jajimaji

Babarbare bawan Fulani, gaisuwa da jaje. Labari ya iso mana Gashuwa cewa ƙatuwar jif ɗin nan da ka sayo ta Kwatano, wadda ka hana mutanen Nguru sakat da hon ɗinta, ta durƙusa a Jajimaji. Inji na ta gurnani, ƙafa ko motsi. An ce har ka naɗe babbar riga kana lallashin yara su tura.

Kada ka zagi mota. Wanda ya ƙera ta bai san hannunka za ta faɗa ba. Kai ne ka ɗauke ta da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka nufi tuddan yashin Tulo-Tulo na Yusufari don kawai a ɗauke ka hoto. Iskar taya ba ka rage ba, ƙaramar giyar yashi kuwa ko maɓallinta ba ka sani ba, sai taka totur. To ita giyar otomatik da mai take aiki. In taya na tona rami tana juyin banza, man ya ɗau zafi ya ƙone, fayafayan kulocin ciki su fara sulɓi. Fizgar nan da kake ji in za ta canza giya ke nan, kai kuma kana gaya wa abokai wai ƙarfi ne ya yi mata yawa. Cikin mota humra da turaren wuta, ƙarƙashinta ƙauri. Ina ma hancin da kake zaɓen turare da shi ka kai shi kan man giya!

Da hunturu kuma ka tsunduma ta ruwan Dagona, wai za ka nuna wa amarya agwagin da ke zuwa daga Turai. Ruwa ya kurɗa bakasil, mai ya yi fari tas kamar kindirmo, irin wanda ko kyauta ba zan ba ka ba. Makanikin bakin tasha ya ɗura maka duk jan man da hannunsa ya kai, alhali kowace giya da man da littafinta ya faɗa.

Yanzu sai aike Ƙofar Ruwa a Kano neman giyabos na hannu. Dama tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 silinda takwas ɗin nan ke cin aljihunka, kana murmushin yaƙe.

Abu ɗaya dai, kada ka bari a ja ta da igiya haka nan. Inji a kashe, famfon man giya ba ya aiki, ragowar ma sai ta ƙone. A ɗora ta a babbar mota. In kuɗin sun gagara, sa a kwance furofela, in turo maka bijimaina biyu. Ladansu kilishin Nguru, sannan ka cire hula a gaban mutanen Jajimaji ka kira ni ubangida.