Jinjina ga masu kare jariran Amurka daga gurguzu

Allah ya ja zamanin 'yan siyasar Amurka, masu kaifin idon da ya hango aƙidar gurguzu ta laɓe a ɗakin renon jarirai tun kafin kowa ya farga!

Gwarzonsu shi ne Shugaba Richard Nixon. A 1971 majalisun ƙasar biyu suka amince da ƙudurin da Sanata Walter Mondale ya jagoranta, na kafa cibiyoyin reno da koyar da ƙananan yara a faɗin ƙasa: ɗan talaka kyauta, mai hali ya biya daidai ƙarfinsa. A watan Disamba Nixon ya hau kujerar na-ƙi, ya ce renon haɗaka zai raunana iyali. Madalla da wannan kishin iyali! Albarkacinsa uwar da ke fita aiki da asuba ta samu cikakken 'yancin neman inda za ta ajiye ɗanta, ta kuma biya kuɗin da a jihohi da dama ya zarce na karatun shekara a jami'ar gwamnati.

Kada wani marar kunya ya tuna musu yaƙin duniya na biyu. Maza na fagen daga, masana'antun jirage da makamai na buƙatar hannun mata, sai gwamnati ta zuba kuɗi ƙarƙashin dokar Lanham aka buɗe dubban cibiyoyin reno. A lokacin iyali bai rushe ba. Yaƙi na ƙarewa aka rufe famfon a 1946. Haka a 1989 aka yi wa sojoji dokarsu ta musamman ta renon yara, da tallafin gwamnati da horar da ma'aikata da gyara musu albashi. Ashe gurguzu ba ya kama ɗan soja, sai ɗan mai wanke-wanke.

Amma inda gwanintarsu ta fi fitowa shi ne yadda suka karrama malamar reno. Ku dube ta da kyau. Ta durƙusa tana sauya wa wannan ƙunzugu, idonta na kan wancan da ya kai hannu zai ciji ɗan'uwansa, bakinta na maimaita wa na uku sunayen launuka har ya kama. A hannunta harshen yaro ke buɗewa, a gabanta yake koyon jiran layi da ba da haƙuri. Ladanta? A 2023 matsakaicin albashin masu wannan aiki bai kai dala 15 a awa ba. Galibinsu mata ne, da yawa baƙaƙen fata ko baƙi daga ƙasashen waje, kuma ba kaɗan ba ne a cikinsu ke tashi daga aiki su je kanti su miƙa katin tallafin abinci. Kasuwa ce ta yanka mata wannan farashi, kasuwa kuwa ai ba ta kuskure. Wallahi abin da ciwo.

Faransawa ne dai ba su waye ba. Tun 2019 suka wajabta makaranta daga shekara 3, kuma mai koyar da ɗan shekara 3 matsayinta ɗaya da malamin firamare, jarrabawar ɗaukar aiki ɗaya, ma'aunin albashi ɗaya. Almubazzaranci ke nan, mayar da raino sana'ar masu digiri.

Da korona ta zo cibiyoyi suka yi ta rufewa, iyaye suka kasa komawa aiki, sai ga shugabanni sun tuna da malamar. A 2021 aka ware dala biliyan 24 don kada harkar ta durƙushe, wasu ma'aikata suka ga ƙarin albashi. Wani babban shirin tallafi da zai ɗore ya tsallake majalisar wakilai, ya je ya mutu a ta dattawa. Ranar 30 ga Satumba 2023 wa'adin tallafin ya cika, jaruman namu suka naɗe hannu suka bar shi ya ƙare.