Kwalbar da aka rubuta wa X

Malam ya dire mana kwalba mai alamar X, ya ce asid ne mai rauni, mu nemo Ka ɗinsa kafin la'asar. Ka shi ne ma'aunin yadda asid ke sakin haidirojin ɗinsa cikin ruwa, mai rauni kuwa marowaci ne, kaɗan yake saki.

Aikin ba wuya a baki. Ka zuba mililita 25 na asid a kwalbar gwaji, ka ɗiga fenolftalin, ka tsoma mitar pH, sannan ka riƙa sako alkalin NaOH daga buret kana rubuta abin da mita ta nuna. Launi ya juya ruwan hoda, asid ya ƙare ke nan. Amma abin nema yana tsakiyar hanya: a rabin alkalin da aka sha, pH daidai yake da pKa, kamar yadda lissafin Henderson da Hasselbalch ya nuna, daga pKa kuma ake fitar da Ka.

Ni ke riƙe da famfon buret, abokin aikina ke da biro. Ina ɗiga, yana kaɗa kai irin na masana. Can ɗigo ɗaya ya zarce, ruwa ya koma zoɓo sak. Na ce, "Mutumina, nawa ka rubuta a rabi?"

Takarda fara fat. Wai launi yake jira.

Za mu sake sai aka ɗauke wuta, mita ta mutu. Nan mutumin ya shinshina kwalbar, abin da aka hana tun ranar farko, ya yi atishawa ya ce, "Wallahi khal ne." Asid ɗin khal kuwa kowa ya haddace shi: pKa 4.76, Ka 1.8 × 10⁻⁵. Muka rangaɗa, har da zana kyakkyawan jadawali mai lanƙwasa daidai inda ya kamata.

Malam ya daɗe yana kallon takardar.

"Sannunku da ƙoƙari. Wannan 1.8 ɗin daidai ne."

Har mun fara gyara tsayuwa.

"Sai dai asid ɗin tururuwa na ba ku, fomik. Nasa pKa 3.75 ne, Ka 1.8 × 10⁻⁴, ya ninka na khal sau goma. Sifili ɗaya kuka ƙara masa. To, ni ma ga guda na ƙara muku."

Ya zana shi da jan biro, ya miƙo mana buroshin wanke kwalabe.