Allah Ya Ja Zamanin Sarkin Gure Injin

A gaida gwani na gwanaye, gagara-awo, mai guduma ɗaya maganin cuta arba'in, wanda ya kafa rumfarsa a gefen babbar hanyar da ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango, ta biyo ta Tanjuware ta miƙe Dapaong har Sinkase. Ba zan ambaci sunansa ba, don rana ba ta bukatar a nuna ta da yatsa. Duk ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da ke cin abinci a wannan hanya ya san inuwar da baƙin mai ya rine ƙasarta, inda babur ke shiga yana ɗan talaka ya fito yana ɗan sarki, na kwana goma sha.

Injiniyoyin Honda na Japan, bayin Allah masu ƙaramar zuciya, su ne suka ɓata wa duniya lokaci. A tsakiyar shekarun 1970 suka ƙera injin CG125, wanda kamfanonin China suka kwaikwaya har ya cika mana kasuwa. Faɗin silindarsa milimita 56.5, hawa da saukar fistin milimita 49.5, cikinsa sisi (cc) 124. Matsinsa kuwa kusan 9 ga 1, wato gaurayen iska da fetur da ya kai mudu tara a danne shi ya koma mudu ɗaya kafin filogi ya ƙyasta wuta. Wai sun tsaya a nan ne don injin ya jure zafi da ƙura da mai marar kyau da ubangida marar kula, ya shekara goma yana aiki. Dubi ƙarancin buri! Wa ya ce musu muna son shekara goma?

Sai Allah ya kawo mana Sarkin Gure Injin, ɗauke da kwali mai hoton damisa, a ciki da silinda da fistin mai faɗin milimita 62. Da ɗaurawa ɗaya sisi 124 ya koma 149. Kan injin kuwa, wannan ɗan ɗakin da wuta ke tashi a cikinsa, wanda bai wuce sisi 15 da rabi ba, sai ya bar shi yadda ya gada, don girmama na gaba. An ƙara baƙi, ba a ƙara zaure ba. Matsi ya tashi daga 9 ya haura 10 da rabi ba tare da an nemi izinin kowa ba. Matsoratan kanikawa a nan sukan ɗauko sirinji su auna ɗakin da ruwan mai, su sa fakin mai kauri ko fistin mai kwarmi a ka, don su rage matsin. Gwaninmu ya fi ƙarfin wannan wulaƙanci. Shi kan injin yake kifawa a kan takardar yashi, ya goga, ya goga, yana hira da mai shayi, har sai zuciyarsa ta ce masa ya isa. Magabata sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Shi ya gyara musu zance, idonsa mudu ne, tiya ce, har da sikeli.

Ga kuma dacewa da abinci. Littattafan Turawa na cewa injin mai matsi da yawa sai fetur mai daraja, wanda ba ya kamawa da kansa kafin lokaci. Mu kuma Allah ya hore mana bude, man kwalba na bakin hanya, mai launin shayi, wanda ya sha rana ya ƙoshi kuma ba a tambayarsa asali, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 tsadarsa ta koya wa masu sayarwa hikimar gauraye. Idan wannan mai ya haɗu da wancan matsi, ba ya jiran filogi, shi yake fashewa don kansa, irin na yaro mai hazaƙa da ke ba da amsa kafin malam ya gama tambaya. Sai ka ji injin yana ƙaras-ƙaras kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Jahilai na kiran wannan ciwo. Gwani ya bayyana mana cewa ango ne yake guɗa da kansa.

Kafireta ma bai taɓa ta ba. Ƙofar man da aka yanka wa 124 ita ce ke ciyar da 149, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, kuma kowa ya san azumi na ƙara tsarki. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a watan Afrilu, a ƙasar da zafi ke taɓa digiri 40, ga buhun gero biyu da uwar gida da goyo a baya: filogi yakan fito fari tas kamar rawanin liman, fistin kuma a samu ya buɗe 'yar taga a tsakiyar kansa don shan iska. Birki kuwa na jiya ne, taya ta shekaranjiya. Mai ƙara wa doki gudu ba ya ɓata lokaci a kan linzami.

Ni shaida ne. Ƙanena ya kai masa babur ɗinsa, ya biya kuɗin da ya tara na damina guda. Ranar farko ya taka kik, kik ya rama, mai ɗori ya samu na cefane. Da ƙafa ta warke ya hau, ya wuce tirelar Burkina a wajen Bombuwaka, direba na kallonsa da baki buɗe. Rabin sa'a bayan nan tirelar ta same shi yana tura babur cikin natsuwa, ya samu damar kallon duwatsun ƙasarsa da gudu ya daɗe yana hana shi gani.

A cikin waɗannan duwatsu ne, a kogunan Nok, kakannin Moba suka gina rumbunan laka da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tsaye. To wa ya ci riba da su? Magini ɗaya, aiki ɗaya, shi ke nan kasuwa ta mutu. Aikin gwaninmu kuwa mai albarka ne, yana haihuwa: mai kayan gyara a Dapaong na yi masa addu'a, mai baƙin mai na yi, mai a-kori-kura da ke kwaso gawar babur na yi. Ga tawali'u, har yau takardar babur da tambarin gefensa 125 suke cewa, don kada mahukunta su ji nauyin taya shi murna.

Da ƙanena ya isa rumfa da gumi, ya durƙusa ya ce, "Maigida, injin ya buga." Gwani ya leƙa ta tagar fistin, ya hango sararin samaniya, ya gyaɗa kai irin na wanda aikinsa ya yi kyau.

"Yaro, ƙarfi ne ya yi masa yawa, gidan ya yi masa kaɗan. Akwai wani kwali da ya fi wannan faɗi, jibi zai iso daga Lome. Kawo rabin kuɗi."

Ƙanena ya tafi neman mai sayen akuyarsa.