Zanzaro da Birkin Amurka

A Kilomita Biyar, wadda 'yan Bangi ke kira Sankilo, mutum bai cika Alhaji ba sai da Toyota. In ta lalace, kafin shayinka ya huce an kawo maka kayanta daga rumfa uku, kowa na rantsuwa nasa ne na asali daga Duwala. Ni kuwa son a sani ya ja ni gwanjon wani kamfanin Turawa da ke naɗe tabarmarsa, na sayo akori-kurar Amurka, Ford F-250, har da tirelarta mai taya huɗu.

Abin da ya tafi da imanina wani ɗan maɓalli ne kusa da sitiyari, mai alamar ƙari da ragi, da wasu 'yan kunnuwa biyu da ake matsewa. Wanda ya miƙo mini makulli ya ce tun 2005 Ford ta fara sa shi daga masana'anta. Ka taka birki, motar ta auna ƙarfin takunka, ta aika wa tirela wuta daidai gwargwado, ita ma ta kama nata birkin. Na haddace jawabin nan, na yi ta zuba shi a majalisa har mai shayi ya iya. Tirelar dai wata biyar tana kwance gindin mangwaro, ban taɓa ɗaura ta ba.

Ana saura kwana huɗu Layya surukina Baba Alhaji ya aiko cewa zai je kasuwar dabbobi ta hanyar Bowali sayen raguna, a nemo masa motar haya. Haya, ina raye? Da asuba na ɗaura tirela. Kan wayarta ya ƙi shiga soket, na taimaka masa da dunduniya.

Mun wuce shingen Kilomita Goma Sha Biyu, inda hanyar Damara ke rabuwa da ta Bowali, sai motar ta yi ƙara, ƙil! Rubutu ya fito a gilashin gabana. Ina jin Hausa da Sango da Faransanci, ina taɓa Larabcin Cadi, amma Ingilishi ko na sayen ruwa ba ni da shi.

"Me take cewa?" in ji Baba Alhaji.

"Fatan sauka lafiya take mana, Baba."

Duk ramin da muka faɗa sai ta sake yi mana fatan sauka lafiya, kuma mai bin hanyar nan ya san ba a rasa rami. A na goma sha wani abu, jikansa da ke baya, ɗan makarantar boko marar albarka, ya ɗauki hoton rubutun da waya ya fassara da ƙarfi: wai tirela ta rabu da mota. Baba Alhaji ya waiwaya a hankali. Ga tirela tana biye da mu kamar bashi. Ya gyara zama ya ce, "To, ko dai motar ce maƙaryaciya, ko mai ita."

Kunyar suruki ba ta bar ni na ce uffan ba. Na huce a kan maɓalli. Yana kan 4, na yi ta danna ƙari, rabi-rabi yake hawa, har ya tsaya a 10, ƙarshen ƙarfinsa. A kasuwa, suna can suna taya raguna, na buɗe akwatin fis na zare su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa a rana. Duk lafiya, sai dai rediyo bai ƙara magana ba tun ranar.

Da muka juyo da raguna takwas na gane motar ba wasa take ba. A kowace gangara na taka birki sai na ji tirela na tunkuɗo mu ta ƙeya. Da salati muka shigo gari, na zarce garejin wani tsohon bakanike wanda kowa ke kira Metir.

Bai ko buɗe gaban mota ba. Ya tsuguna ya zare kan wayar, ya nuna mini ramuka bakwai. "Patron, wannan na shuɗiyar waya ne, birki. Wannan na fara ne, mas, hanyar dawowar wuta. A cikin kowace taya akwai maganaɗisu. Motarka tana aika 'yar wuta ta shuɗiya, kamar mai sallama a ƙofar gida, ta ratsa maganaɗisun ta dawo ta fara. In ba a amsa ba, sai ta ce ba kowa a gidan."

"Amma ai fitilun tirela na kamawa," na ce, don a san ni ma na san wani abu.

"Fitila hanyarta daban. Don maƙwabci ya amsa sallama ba ya nufin mai gida na nan."

Sai ya juya wajen Baba Alhaji ya roƙi aron kamfas ɗin da yake duba alƙibla da shi. Tsoho ya ciro shi daga aljihu yana harararmu duka. Metir ya sa yaronsa ya riƙe shi dab da taya, ya ce na matse kunnuwan nan biyu. Allura ko gezau. Ya karyi tsinken tsintsiya ya zura a ramin shuɗiyar waya. Busasshiyar jar laka ta zubo, sai ga matattun gizo-gizo biyu a tafin hannunsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki ya ajiye wa 'ya'yansa guzuri, ni kuma na zo na daddale ginin da dunduniya. Ya goge ƙarfen, ya matse bakinsa da filaya, ya mayar. Na sake matsawa. Tayoyin suka ɗauki wani siririn gurnani, allurar ta bar arewa ta juya ta fuskanci taya.

"Ka batar mini da alƙibla," in ji Baba Alhaji, ya fizge abinsa.

Sefa ɗari biyar Metir ya karɓa. Yana ta bayani cewa na nemi fili, na yi tafiyar kilomita talatin zuwa arba'in a awa, na matse kunnuwan, in taya ta ƙulle na rage lamba har ta daina. Na ji shi da kunne ɗaya, don hankalina ya riga ya tafi majalisa.

A titin Kuduku, dab da babban masallaci, wani mai amalanke ya gitta da buhunan garin rogo. Taɓa birki kawai na yi. Lamba tana kan 10, kaya kuma raguna takwas ne kacal. Tayoyi huɗu suka ƙulle lokaci guda da wata irin kururuwa, jar ƙura ta turnuƙe, ragunan suka tattaru wuri ɗaya a gaban tirela, uku suka taka bayan 'yan uwansu suka dire. Hular Baba Alhaji ta sauka kan gilashi, goron bakinsa ya bi ta.

Tun zuwan Fafaroma Faransis masallacin nan a Nuwamban 2015 ban ga jama'a sun taru da sauri haka ba. 'Yan acaɓa suka bi rago ɗaya, almajirai suka bi ɗaya, matan da ke sayar da ganyen rogo suna yi mini ihu da Sango, "yeke yeke!", wato a hankali, ni da nake tsaye cik. Na ukun sai bayan la'asar aka same shi a rumfar wani mai atamfa, ya ci rabin kwali.

Baba Alhaji ya ƙirga ragunansa sau biyu, ya kakkaɓe hula, ya leƙa gilashin gaban direba. Babu rubutu ko ɗaya.

"Yanzu kuma ta daina yi mana fatan sauka lafiya?"

Ya kira mai amalanken nan, suka yi ciniki, aka kai masa ragunan gida bibbiyu.